Tsofaffin bindigogin 'yan sanda: tarihin ake saye ko ƙarfen?

Bakano_Houston:
Salamu alaikum jama'a. Ina da wata magana da ta ɗan dame ni tun Asabar, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masana a cikinmu. Na je baje kolin bindigogi da ake yi a nan garin, ni dama ba sabuwa nake nema ba, tsofaffin da 'yan sanda suka yi aiki da su suka ajiye su nake sha'awa. A teburin wani dattijo na ga libarba ƙirar Smith & Wesson Model 10, mai cin harsashi shida, .38 Special. Bakinta ya koɗe ta gefe biyu har farin ƙarfen ya fito, irin koɗewar da kube ke yi wa bindiga idan ta shekara da shekaru ana zarowa ana mayarwa, amma da na haska cikin bututun da fitilar waya tas yake kamar ba a taɓa harba ta ba. A bayan mariƙin an buga RHKP da wata lamba, sannan akwai ɗan zobe a gindinta na ɗaura igiya. Kuɗinta ya fi na 'yar uwarta da ke gefe wadda ba tambari, duk da waccan ta fi kyan gani, amma na saya, na cike takarda aka yi min bincike na taho da ita. Ina shiga gida uwargida ta kalle ta ta ce, ka san ko ta taɓa kashe wani? Wallahi na rasa amsa. To tambayata biyu ce. Shin wannan tambarin ya cancanci ƙarin kuɗin da na biya? Na biyu kuma, ya dace mutum ya riƙa tara irin waɗannan a gidansa?

Umar_Kurna:
Wa alaikumus salam. Yaya wai haka kawai mutum zai shiga kasuwa ya sayi bindigar ɗan sanda kamar zai sayi takalmi? Ikon Allah

Bakano_Houston:
@Umar_Kurna ba kamar takalmi ba dai ƙanina. In wajen dila mai lasisi ne sai ka cike fom 4473, a tura sunanka a duba ko kana da laifi a baya, kuma ƙaramar bindiga sai ka kai shekara 21. Wanda ya zo da bizar ziyara ko ta karatu ma gaba ɗaya dokarsa daban ce. Kuma ita bindigar ba ta 'yan sanda ba ce yanzu, su da kansu suka sayar da ita tun tuni.

DanDamagaram_Ohio:
Malam ka yi dace gaskiya. RHKP ai 'yan sandan Hong Kong ne na zamanin mulkin Ingila. Harafin R ɗin nan na farko shi ne zai taimake ka, don ba su samu laƙabin sarauta na Royal ba sai 1969, bayan tarzomar da aka yi a 1967, sarauniya ta ba su, kuma aka cire shi a 1997 da aka mayar wa China da birnin. Kenan tambarin nan tsakanin waɗannan shekarun aka buga shi. In kana so ka ƙara matsewa, buɗe tulun harsashin ya faɗo gefe, ka duba jikin firam ɗin inda hannun tulun yake kwanciya, za ka ga an rubuta MOD 10 da wata lamba bayan ɗan layi. Sannan ka duba saman inda bututu ya shiga jikin bindigar ko akwai wata 'yar ƙusa da ta ratsa. Kamfanin ya daina saka ƙusar nan a 1982. Faɗa mana abin da ka gani.

Bakano_Houston:
Na duba yanzun nan. 10-7 aka rubuta, kuma ƙusar tana nan.

DanDamagaram_Ohio:
To madalla. 10-7 a 1977 aka fara ta, ƙusa kuma ta ƙare 1982, ka ga shekara biyar kenan ka rage. Ita Model 10 ɗin kanta tsohuwar zuri'a ce, tun 1899 ake ƙera ta da sunan Military & Police, sai 1957 aka ba ta lamba 10, kuma an yi sama da miliyan shida. Shi ya sa marar tambari ba ta tsada, sun yi yawa. Taka kuwa ka san garin da ta zauna, ka san ta sha gumin wani kurtu a zafin Kowloon ta Hong Kong, zoben nan ma don igiyar da suke ratayawa a kafaɗa ne kada a fizge. A ganina ƙarin kuɗin ya halatta.

Saje_Mai_Ritaya:
Assalamu alaikum. Ni shekara 35 na yi ina sanye da kaki kafin in ajiye, don haka ku ba ni dama in ja kunnen yaranmu na gida da ke karanta wannan hira. Abin da ɗan'uwanmu yake yi a Amurka dokar can ce ta ba shi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a sahun makaman da aka haramta, sahu ɗaya da bindigar yaƙi, lasisinsu sai da sa hannun shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu ita ce ta Sufeto Janar, ta gargajiya irin ta maharba kuma ta kwamishina. Babu wani abu wai shi gwanjon tsofaffin bindigogin 'yan sanda a nan. Duk wanda ya zo maka da fistol ya ce tsohuwar ta 'yan sanda ce an yi gwanjonta, to ta sata ce, kuma ranar da aka kama ka da ita ba tarihi za a tambaye ka ba.

Amma maganar koɗewar da ka yi ta taɓa ni. Haka abin yake. Lokacin da muka shiga aiki doguwar bindiga Mak 4 muke ɗauka, kullum da safe ka je wajen mai kula da ma'ajiyar makamai ya buɗe babban littafi, ya rubuta lambar bindiga, ya ƙirga maka harsashi a tafin hannu, ka sa hannu. Da yamma ka dawo a sake ƙirgawa. Akwai bindigar da na riƙe kusan shekara huɗu, katakon ya yi santsi daidai inda hannuna ke zama, ban taɓa harba ta a kan mutum ba ko sau ɗaya, sai a filin koyon harbi. Yawancinmu haka muka gama aiki. Ka faɗa wa mai ɗakinka haka.

Bakano_Houston:
Na gode Baba Saje, Allah ya ƙara girma. Zan karanta mata wannan da bakina.

Maman_Ilham_Bronx:
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba ku so ji ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a sashen gaggawa nake, abin da bindiga ke yi wa jikin yaro ɗan shekara 17 na gan shi da idona ba labari ba. Kuna ta maganar tambari da shekara, amma kun san ina sauran 'yan uwan bindigar nan suke ƙarewa? A 2024 kafofin yaɗa labarai na The Trace da CBS da Reveal sun fitar da bincike daga alƙaluman ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi a Amurka, an samu bindigogi sama da 52,000 da a da na 'yan sanda ne a wuraren da aka aikata laifi tun daga 2006. Dubu hamsin da biyu fa. An saye su da kuɗin harajinmu don a kare mu, aka sayar wa dila don a samu ragi a kan sababbi, suka zagayo suka dawo unguwanninmu. Malam Bakano ban ce kai mugu ba ne, na san a akwati za ka kulle ta. Amma kasuwar da kake saye a ciki ita ce dai kasuwar.

Tijjani_Dallas:
Hajiya da girmamawa, amma lissafin bai cika ba. Ƙasar da bindigogin da ke hannun mutane suka fi mutanen yawa, in ɗan ta'adda bai samu tsohuwar ta 'yan sanda ba zai samu wata a shagon gaba. Kuma mai neman yin fashi ba libarbar 1970 da wani abu yake nema ba mai harsashi shida, waɗanda ake kamawa galibi fistol ne ƙirar Glock na kwanan nan.

Maman_Ilham_Bronx:
@Tijjani_Dallas uwar da aka kashe wa ɗa da bindigar da hukumar garinta ta sayar, je ka ce mata ai da wata za a samu. Akwai rundunonin da suke narkar da nasu ba sa sayarwa, me ya hana sauran? Kuɗi ne kawai.

Tijjani_Dallas:
A nan kam ban musa miki ba, kuɗi ne. Haka Glock ma ta ci kasuwar Amurka tun farko. Sun buɗe ofis a Smyrna ta jihar Jojiya a 1985, suka riƙa zuwa wa rundunoni da tayin ku kawo tsofaffinku mu ba ku sababbi da ɗan ciko kaɗan, wani lokacin ma kusan kyauta. Tsofaffin kuma su bi ta hannun dilolin su shiga kasuwa. Ni abin da nake cewa kawai a raba mai tarawa da mai ɓarna.

Injiniya_Hamburg:
Sannunku da hira. Bari in ɗan karkatar da ku zuwa nan Jamus don labarin nan ya fi daɗin bi a wajen mai son tarihi, saboda Jamusawa komai sai sun buga masa hatimi. Bayan harin ta'addancin da aka kai a gasar Olamfik ta Munich a 1972, hukumomi suka ga 'yan sandansu na yawo da ƙananan Walther PP da PPK masu ƙaramin harsashi 7.65, sai aka fitar da sharuɗɗan sabuwar fistol mai 9mm. Guda uku suka tsallake, aka ba su suna P5 ta Walther, P6 ta SIG Sauer, P7 ta Heckler & Koch, kowace jiha ta zaɓi wadda take so. To P6 ɗin nan akwai wani abu a jikinta da nake so ku sani. Kunnen hamarta, wato abin da ke dukan allura daga baya, an yi shi da wani ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya mai tsaga. Da gangan aka yi. In ɗan sanda ya yar da bindigar ta faɗi ta kai, ƙugiyar za ta lotse, mai kula da makamai yana gani ya san ta faɗi ko da mai ita ya ɓoye, sai a karɓa a duba ta. Ka ga bindigar da ke ba da shaida a kan mai riƙe da ita kenan. A gefenta kuma akwai watan da aka karɓe ta da shekarar, da tambarin jiha, NW na Nordrhein-Westfalen shi ya fi yawa. Da suka sauya sai dubbai suka tafi Amurka, ku ne kuke more su can, mu nan samun izinin tarawa sai ka nuna wa hukuma takamaiman fannin da kake bincike a kai, ba wai ina so kawai ba.

DanDamagaram_Ohio:
@Injiniya_Hamburg ina da P6 ɗaya, ƙugiyarta lafiya lau. Abin da ke ɓata min rai kawai shi ne rubutun kamfanin da ya shigo da ita da aka ƙarta a jiki, amma doka ce, duk bindigar da aka shigo da ita sai an buga sunan mai shigowa da garinsa. P7 kuwa ta fi ƙarfin aljihuna yanzu, ita ce wadda sai ka matse gaban mariƙin take ɗanuwa, ka saki ta kwance. Su Jamusawan shekarar bindiga da haruffa suke rubutawa, A sifili B ɗaya har zuwa J tara.

Injiniya_Hamburg:
Ɗan gyara kaɗan ɗan'uwa, a hatimin gwaji ana tsallake J, K ce tara. Kenan IE 84, KA kuma 90.

DanDamagaram_Ohio:
Haka ne, na gode da gyara

Sadiq_Zoo_Road:
Ni dai ina karatu ina ƙaruwa. Amma wani ya min bayani, me ya sa suke ta canza bindiga haka? Tunda Baba Saje ya ce yawanci ba a ma harba su, me ya lalace da za a sauya?

Tijjani_Dallas:
@Sadiq_Zoo_Road tambaya mai kyau. Ba lalacewa suke ba, tsoro ne ke sauya su, kusan duk babban sauyi akwai ranar da aka zubar da jini a bayansa. Misali mafi girma 11 ga Afrilu 1986 a Miami. Jami'an FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Platt da Matix, aka yi musayar wuta ta 'yan mintuna, jami'ai biyu suka mutu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, biyar suka ji rauni. Shi Platt an same shi da harsashin 9mm tun farkon faɗan amma ya tsaya dab da zuciya bai kai ba, mutumin ya ci gaba da harbi da bindigarsa doguwa. Wasu jami'an kuma libarba ce a hannunsu, ka yi tunanin cusa harsashi ɗaya bayan ɗaya da hannun da ya ji rauni jini na zuba. Daga nan FBI ta ce harsashin ne bai isa ba, ta koma 10mm da Smith & Wesson 1076, aka ga ya yi wa da yawa ƙarfi, sai aka rage shi aka haifi .40 S&W a 1990. 'Yan sandan babbar hanya na Kalifoniya suna cikin na farko da suka ɗauka da fistol ɗin Smith & Wesson 4006. Kafin ka ce me kusan ƙasar duka ta koma .40, FBI kanta ta ɗauki Glock 22 da 23 a 1997. To wannan ne ya turo libarbobi irin na Malam Bakano kasuwa da yawa a shekarun 1990. Sai kuma aka zagayo, harsashin 9mm ya inganta, FBI ta koma masa a 2016, kowa ya bi, yanzu Glock 22 na 'yan sanda ne suka cika shaguna da araha. In ka jera su a tebur daga Model 10 zuwa fistol ɗin Smith & Wesson 5906 zuwa Glock 22 kamar kana karanta tarihin abin da ya tsorata 'yan sandan Amurka ne shekara hamsin.

Abu_Hanifa_Chicago:
Ƙari a kan na Tijjani, mu nan jiharmu ta riga kowa. 'Yan sandan jihar Illinois tun 1967 suka ɗauki Model 39 mai 9mm lokacin kowa na kan libarba. Masu tarawa suna nemanta sosai in da tambarin.

Maman_Ilham_Bronx:
Kun ga dai kun koma kan lambobi. Ba komai, ina nan ina jiran wanda zai amsa min maganata.

Garba_Harlem:
Hajiya ni maƙwabcinki ne kuma ina tare da ke rabi. A nan New York mallakar fistol sai ka sha wahalar lasisi, ni ban ma nema ba, littattafai da hotuna nake bi. Amma ina so in gyara wani abu da mutane ke ruɗuwa a kai, in wani ya nuna maka bindiga da ƙaton tambari ya ce ta NYPD ce, wato 'yan sandan birnin New York, ka yi hattara, domin su a al'adarsu ta da ɗan sanda da kuɗinsa yake sayen bindigarsa daga jerin da aka amince, tasa ce, yana ritaya ya tafi da ita. Shaidarta a takarda take ba a jikin ƙarfe ba. Sun fara komawa 9mm wajen 1993, kuma suka sa aka ƙara wa kunamar nauyi har kusan fam 12 don kada yatsa ya taɓa ta tashi, tunda mutanen sun saba da kunamar libarba mai tauri. Tsofaffin da suka ƙi rabuwa da libarbarsu an bar su har 2018 kafin aka ce ya isa.

Tijjani_Dallas:
Maganar hattara da Garba ya yi gaskiya ce, ni ta taɓa cin kuɗina. Shekarun baya na sayi wata Colt Official Police a hannun wani, da haruffa uku a gindi, ya rantse min ta rundunar wani babban birni ce. Na biya kuɗi na nemi takardar tarihi daga kamfanin, bayan wata da watanni ta zo, ashe wani shagon kayan gini aka aika wa ita. Na sa gilashin ƙara girma na duba haruffan, ba su ma daidaita a layi ba, kuma cikin ramin harafin fari ne tas alhali sauran jikin ya yi duhun tsufa. Raina ya ɓaci ƙwarai don ba kuɗin ne ya fi min zafi ba, na riga na nuna wa yarana ita na ba su labarin da ba gaskiya ba.

DanDamagaram_Ohio:
Allah ya mayar da alheri. Sai dai a yi adalci, takarda ta ce shago ba kullum take nufin ƙarya ba, ƙananan rundunoni da yawa ta hannun dila ko shagon garinsu suke saye, su buga tambarinsu da hannu, shi ya sa wasu na gaskiyar ma a karkace suke. Amma farin cikin ramin da ka gani, wannan kam alama ce mai ƙarfi. Malam Bakano kai ma ka nemi takardar, gidauniyar tarihi ta Smith & Wesson tana bayarwa, za su gaya maka ranar da ta bar masana'anta a Springfield da wanda aka aika wa. Lambar da za ka ba su ita ce ta ƙasan gindi, ba wadda ke kusa da RHKP ba, waccan lambar ma'ajiya ce.

Binta_Manchester:
Mu a nan wannan hirar ma kamar daga wata duniya take. Tun harbin da aka yi a makarantar Dunblane ta Scotland a Maris 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, aka hana ƙananan bindigogi a 1997. Mai sha'awa galibi sai dai ya sayi wadda aka kashe, an toshe bututun an ba ta takardar shaida. Maigidana yana da libarbar Webley ɗaya irin wannan a cikin gilashi, nauyinta da tambarinta duk suna nan, harbi ne kawai babu. To ina tambaya tsakani da Allah, in tarihin ake so ba harbin ba, me zai hana ku yi haka? Ina ga wannan ya amsa wa Maman Ilham.

Maman_Ilham_Bronx:
Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa. Abin da nake ta son wani ya faɗa kenan.

DanDamagaram_Ohio:
Hajiya Binta na fahimce ki amma zuciyata ba za ta iya ba. A zuba wa bindigar da ta kai shekara arba'in lafiya walda a ciki, kamar a yanke wa tsohon doki jijiya ne don a ajiye shi a kalla. Wani ɓangare na tarihin a hannu ake jinsa, sai ka ja kunamar P6 ka ji taurinta kafin ka gane abin da aka ɗora wa ɗan sandan da ya riƙe ta.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. Game da tambayar mai ɗakin Malam Bakano, ƙarfe ba ya ɗaukar zunubi, alhaki na kan wanda ya yi aiki da shi, kuma ko takubban da ake gado a gidajen sarauta an san ba ado kawai aka yi da su ba. Don haka ajiye ta ba laifi ba ne inda doka ta yarda. Amma amana ce. Manzon Allah SAW ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, kuma ya umarci mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. To wanda aka ce ya rufe tsinin kibiya, ina ga mai bindiga a gidan da yara suke? A kulle ta, harsashi a wani wuri daban, makulli kuma ba a inda yaro zai gani ba. Sannan ita uwargida tana da haƙƙi a kan abin da zai hana ta barci a ɗakinta, a zauna da ita a yi shawara, kada a wuce ta.

Saje_Mai_Ritaya:
Malam ya gama magana. Ni kuma abin da ke ci min rai da nake karanta ku, wai mutum a Ohio zai iya faɗin shekarar da aka ƙera bindigar Hong Kong daga wata 'yar ƙusa, mu kuma namu tarihin yana ruɓewa. Aikin ɗan sanda a ƙasar nan da Hausawa aka fara shi, wani Baturen mulki mai suna Glover ya tara dakarunsa na Hausawa a Legas a 1863, aka yi rundunar Hausa Constabulary a 1879, har Gwalkwas aka kai su, zuriyarsu na nan a zangon Ghana. Rundunar ƙasa ɗaya kuma sai 1930. Mu a Arewa ga 'yan doka na En'e da kulkinsu. Ina kayansu? Ina littattafan ma'ajiyar? Maimakon haka sai rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 a ciki AK-47 ne. Ni da aka ƙirga wa harsashi a tafin hannu, ranar da na ji wannan a rediyo ban ci abincin dare ba.

Alhassan_Kumasi:
Baba Saje gaskiya ne, kakan mahaifina ta wannan hanyar ya zo nan, har yanzu gidanmu ana kiransa gidan soja. Ba mu da ko maɓallin rigarsa, sai labari a bakin tsofaffi.

Umar_Kurna:
Waɗancan da suka ɓace ai mun san inda tarihin aikinsu yake ci gaba, a dajin Zamfara da Katsina. Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan

Sadiq_Zoo_Road:
Amin ya Allah. To Malam Bakano ya ake ciki, ajiyewa za ka yi ko mayarwa?

Bakano_Houston:
Na gode muku duka, ban zaci hirar za ta kai haka ba. Jiya da daddare bayan yara sun kwanta mun zauna da uwargida na karanta mata maganar Baba Saje da ta Malam, na kuma karanta mata ta Maman Ilham ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ta ɗauki bindigar a karon farko, babu harsashi, ta shafa wajen da ya koɗe da babban yatsa ta ce wannan mutumin ya daɗe a tsaye. Ta yarda ta zauna amma da sharaɗi, akwatin ƙarfe mai lamba a gareji ba a ɗakin kwana ba, kuma ba za a shigo da harsashinta gidan ba sam, in zan je filin harbi in saya a can in ƙarar a can. Na amince. Takardar tarihin ma zan nema kamar yadda Ɗan Damagaram ya ce, in ta zo zan sa hotonta a nan. Maganar toshewa da Hajiya Binta ta kawo kuwa har yanzu ina juya ta, ban yanke ba.

Maman_Ilham_Bronx:
Ka gaida min ita, mace ce mai hankali. Saura abu ɗaya Malam, kuma ba fata nake ba, dukkanmu masu tafiya ne. Ranar da ba ka nan, wa zai buɗe akwatin, kuma ina za ta nufa daga nan? Shi ma dattijon da ya sayar maka ai daga hannun wani ta zo masa.

Bakano_Houston:
Wannan ban yi tunaninsa ba Hajiya. Zan rubuta shi cikin wasiyya in sha Allah, amma me zan rubuta ɗin ne ban sani ba tukuna, babban ɗana shekararsa tara.

Injiniya_Hamburg:
@Bakano_Houston kafin ka aika neman takardar ka cire katakon mariƙin a hankali ka duba ciki, wani lokacin ana samun lamba ko sunan da wani ya rubuta da fensir. Ka yi amfani da sukudireban da ya dace da bakin sukurun kada ka ci masa kai.